Gashin Kai a Tarihin Ƙasar Adar: Daga Man Shanu Zuwa Man Kanti

Duk malamin da ya taɓa zama a wani ƙauye na ƙasar Adar, kamar garuruwan gundumar Bambaye da ke kudu maso yamma da birnin Tawa, ya san wata alama da ba a rubuta ta a littafin makaranta ba. Idan damina ta yi gardama, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, nono ya yi wuya, to kafin wata kakar ta zagayo zai ga kawunan ƙananan yara sun sauya. Gashi ya yi ja, ya yi laushi, ana taɓa shi yana biyo hannu. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan alama cikin tarihi, domin a nuna cewa ƙarfin gashi a Adar ya daɗe yana rataye da abubuwa uku: abin da aka ci, abin da aka shafa, da hannun da ya yi kitso ko aski.

Ƙasa da abin da take bayarwa

Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, inda manoma Hausawa suka zauna kafaɗa da kafaɗa da makiyaya Fulani da Abzinawa. Masana irin su Farfesa Djibo Hamani da Nicole Echard, waɗanda kowannensu ya fitar da littafi a kan tarihin Adar a 1975, sun bayyana yadda ƙasar ta shiga hannun Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wajen 1674, da yadda daga baya ikon Abzinawa ya ƙarfafa a cikinta. Sai dai a ƙarƙashin labarin sarauta da yaƙi akwai wata hulɗa ta yau da kullum, wato musayar gero da nono. Bafulatana ta kawo nono da man shanu, ta koma da hatsi. Wannan man shi ne ya shiga tuwo, shi ne kuma ya hau kan mata. Man kaɗanya kuwa baƙo ne, domin itacen kaɗanya ya fi son ƙasashen kudu masu ruwa, sai fatake sun kawo shi kasuwa.

Saboda haka mace ta Adar ta dogara ne da abin da ke kusa da ita. Idan ta tsefe kai, sai ta jiƙa ganyen yoɗo, wanda a wasu wurare ake kira karkashi, ta wanke da ruwansa mai yauƙi. Yauƙin nan yana sa gashi ya warware ba tare da ya tsinke a mataji ba. Wasu kan yi amfani da garin ganyen magarya, mai ɗan kumfa. Daga nan sai man shanu, wani lokaci a haɗa da shuni don kai ya yi baƙi yana sheƙi. A ƙasar da hunturu ke busar da fata har ta tsage, rufe gashi da mai bayan wanki hikima ce wadda ilimin zamani bai ƙaryata ba, domin gashi mai murɗiya irin namu ya fi saurin bushewa da karyewa.

Makitsiya da wanzami

Kula da kai a da sana'a ce mai masu ita. Mata suna da makitsiya, maza suna da wanzami. Kitso aiki ne na yini, ana yi ana hira, kuma irin kitson da ke kan mace yakan nuna matsayinta: na yarinya daban, na amarya daban, doka kuma ta manyan mata ce. Mai takaba takan bar ado har wata huɗu da kwana goma, duk wanda ya gan ta ya san halin da take ciki. Kitso ɗaya yakan yi makonni, ga kallabi a kai yana tare rana da ƙura, don haka ba a yawan wahalar da gashi da taja.

Wanzami kuwa shi ne farkon wanda ke taɓa kan ɗan Adam, ranar suna, kwana bakwai da haihuwa. Yara maza akan bar musu tukku ko zanko, manya kuma su aske kai ƙwal su sa hula ko rawani. Wannan ya sa sanƙo bai zama abin kunya ga namiji ba, har ma akan yi wa mai shi ba'a cewa alamar arziki ce. Amma askar da ke yawo daga kai zuwa kai tana da nata laifin. Ita da mataji da hular aro su ne hanyoyin da kora ke bi, wato ciwon nan da ke cinye gashin yara ya bar tabo zagaye mai fari-fari. Maganinta na sha, griseofulvin, bai samu ba sai wajen 1958, kuma har yanzu shafe-shafe kaɗai ba ya kashe ta, domin ƙwayar cutar tana cikin silin gashin.

Shekarun da gashi ya zube

Inda tarihin gashi ya fi haɗuwa da tarihin ƙasa shi ne shekarun masifa. Annobar shanu da ta ratsa ƙasashen Sahel wajen 1891 ta kashe garkuna, nono da mai suka yi ƙamfa. Bayan Faransawa sun kafa mulkinsu a farkon ƙarni na 20, aka yi yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, sannan ta 1931 wadda fara ta haddasa. Na baya sun ga farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 da aka laƙaba wa El Buhari, da kuma ƙarancin abinci na 2005, wanda jihar Tawa na cikin waɗanda ya fi shafa.

A irin waɗannan shekaru gashi yakan ba da shaida tun kafin baki ya yi magana. Dalili kuwa shi ne gashi ana gina shi da sinadarin gina jiki, irin wanda ake samu a nono da nama da wake da ƙwai. Idan jiki ya rasa, sai ya tanadi ɗan abin da ya samu don zuciya da ƙwaƙwalwa, ya bar gashi. Likita Cicely Williams ta bayyana wannan ciwo na yara a 1933 a ƙasar da a yau ake kira Gana, daga baya ta kira shi da sunan da mutanen wurin suka san shi da shi, kwashiyoko. Jan gashi da kumburin ƙafa suna daga manyan alamominsa.

Ba yunwa kaɗai ke yin haka ba. A kan mutum akwai gashi wajen sili 100,000, yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Amma zazzaɓi mai tsanani ko haihuwa ko ƙarancin jini sukan sa gashi mai yawa ya tsaya da girma lokaci guda, sai bayan wata biyu ko uku ya zube. Shi ya sa maijego kan ga gashinta a mataji bayan ta gama wankan arba'in, har ta zargi maita ko baki. Irin wannan zubewa takan tsaya da kanta, gashi ya dawo cikin watanni idan jiki ya samu abinci.

Zuwan man kanti

Adarawa mutane ne masu ci-rani. Daga Abijan da Legas da Kano da Libiya suka riƙa dawowa da tsaraba, a ciki har da man miƙar da gashi da gashin kanti, wanda ake kira gashin doki. Man miƙarwa ya samo asali ne daga baƙaƙen fatar Amurka a farkon ƙarni na 20, kuma da yawansa na ɗauke da soda mai ƙuna wadda ke karya ginin silin gashi don ya kwanta. Gashin da aka yi wa haka ya riga ya raunana. Idan aka ɗora masa kitso mai tsauri, aka ƙara nauyin gashin doki, sai saiwa ta gaji.

Hausawa sun ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a nan ne ɓarnar ke farawa: gashin goshi da na gefen kunne ya riƙa ja da baya. Binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka fitar a 2007 a Afirka ta Kudu ya sami wannan matsala ga kusan mace ɗaya cikin uku da aka duba, ya kuma nuna ta fi yawa ga masu haɗa man miƙarwa da kitso. Idan aka sassauta da wuri gashi yana dawowa. Idan aka daɗe, saiwa ta mutu ta bar tabo, to babu man da zai tsiro da shi, komai tsadarsa da zaƙin bakin mai talla.

Kammalawa

Ba a cewa duk abin da kakanni suka yi daidai ne. Askar gayya ta yaɗa cuta, kuma kitso mai zafi ba yau aka fara shi ba. Ba a kuma cewa duk na zamani sharri ne, domin maganin kora da na ƙarin jini daga asibiti suke. Abin da tarihi ya koya mana shi ne zubewar gashi iri-iri ce, kowace da dalilinta: sanƙon gado daban, na yunwa da jinya daban, na kora daban, na ja da ƙuna daban. Wanda ya san dalili ba zai zuba kuɗinsa ga maganin da bai dace ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban malamai. Yaron da gashinsa ya yi ja ko ya yi tabo, a sanar da iyayensa su kai shi gidan likita, kuma a hana ƴan aji yi masa dariya. Yarinyar da ta zo da ƙuraje a gefen goshi bayan sabon kitso, a gaya wa uwarta a sassauta. Ƙungiyoyin al'adu kuma su hanzarta zuwa wurin tsofaffin makitsa da wanzamai na Bambaye da Tawa da Illela da Keita, su rubuta sunayen kitso da na ganyaye da yadda ake haɗa su, su ɗauki hotuna da izinin masu su. Tsohuwar da ta san yadda ake ɗaura doka ba za ta jira mu har abada ba.