Daga Tamale zuwa Madina: Tafiyar Shekaru da Ta Koma ta Sa'o'i

Tsakanin Tamale da Madina akwai tazarar kilomita kusan 4,600 ta sararin sama, jirgi kuma kan ci ta cikin sa'o'i shida ko sama da haka kaɗan. Maniyyatan da suka bar wannan yanki a farkon ƙarni na 20 ba da kilomita suke lissafi ba. Da zango suke auna nisa, wato tafiyar yini guda daga masauki zuwa masauki. Wannan kalma ce ta zama sunan unguwannin baƙi a ko'ina cikin Gana, har da Tamale, garin da Turawan Ingila suka mayar hedikwatar lardunan arewa a 1907.

Maniyyaci kan bi tsohuwar hanyar fataken goro ta Yandi da Sansanin Mango zuwa ƙasar Hausa. Daga Kano sai Barno, sai Wadai da Darfur, a ƙasa ko a bisa jaki. Ko bayan da layin dogo ya isa El Obeid wajen 1912, ba nisan hanya ne babbar wahala ba, guzuri ne. Idan ya ƙare, dole mutum ya yada zango ya yi ƙwadago. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a Sudan a 1925, dubban mutanen Afirka ta Yamma sun yi aiki a cikinsu don tara kuɗin tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Ta haka tafiya kan ɗauki shekaru. Wasu sun koma gida da furfura, wasu sun rasu a hanya, wasu kuwa zaman ya ɗore, jikokinsu na can suna jin Hausa har yau. Shi ya sa mai niyya kan biya bashi, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi kamar wanda ba zai dawo ba.

Isa Jidda ma ba ƙarshen tafiya ba ne. Ayarin raƙuma kan yi kwana goma ko fiye tsakanin Makka da Madina. Jirgin ƙasan Haramain da aka ƙaddamar a 2018 yana cin wannan hanya ta kilomita 450 cikin sa'o'i biyu da rabi.

Zuwan jirgin sama bai kawar da wahalar mutanen arewacin Gana gaba ɗaya ba. Shekara da shekaru sai sun gangara kudu zuwa Akara, tafiyar kilomita kusan 600 a mota, suna ƙara nisa da inda suka nufa, sannan su zauna jiran jirgi. Tsofaffi ne suka fi jin jiki. Sai a watan Agusta na 2016, bayan an tsawaita titin saukar jirage na Tamale, maniyyata suka fara tashi daga garin kai tsaye zuwa Madina.