Taku Bakwai a Gaban Wuta: Tarihin da Ke Ƙunshe a Bikin Auren Arewacin Indiya

Duk wanda abokinsa ya gayyata biki a Delhi, Jaipur ko Lucknow, abin da zai fara tarbarsa shi ne amo. Ango na bisa farar goɗiya, danginsa na taka rawa a gaba, makaɗa sanye da jajayen kaya na busa ƙahonin tagulla. Wannan ayari shi ake kira baraat, kuma baƙo kan ɗauka a nan auren yake. Alhali ɗaurin auren sai dare ya tsala, lokacin da yawancin mahalarta sun ci sun watse. Bikin tamkar gini ne da kowane zamani ya aza masa tubali.

Tubali mafi daɗewa shi ne wutar da ake hurawa ƙarƙashin wata rumfa mai suna mandap. Wasu addu'o'in da malamin Hindu ke karantawa a wurin daga Rigveda suke, littafin da ya haura shekara 3,000. A gaban wutar ne uba ke miƙa hannun 'yarsa, sannan ango da amarya su yi taku bakwai tare, wato saptapadi. Dokar Auren Hindu ta 1955 ta tanadi cewa inda al'adar ta haɗa da wannan taku, aure na ƙulluwa da zarar an yi na bakwai. A 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta jaddada cewa takardar rajista kaɗai ba ta wadatar ba, muddin ba a cika al'adun ba.

Makaɗan kuwa baƙi ne a tarihin bikin. Kayansu da ƙahoninsu gado ne daga badujalar sojan Birtaniya ta ƙarni na 19. Haka doguwar rigar ango, sherwani, wadda ta samu siffarta ta yau a wannan ƙarni, tsakanin manyan Musulmi, kafin ta zama ta kowa. Daren sangeet a da zaman mata ne, musamman a Punjab, suna waƙa suna zolayar dangin ango. Fina-finai irin su Hum Aapke Hain Koun na 1994 suka taimaka wajen mayar da shi gagarumin dandalin rawa. Fim ɗin ya kuma ƙara tallata wasan ɓoye takalman ango, inda ƙannen amarya ba sa mayarwa sai an fanshe su da kuɗi. Bahaushen da ya tashi da kallon fina-finan Indiya a Kano ya san wannan fage tun kafin ya taka ƙasar, kuma daren mehndi ba zai zame masa baƙo ba, domin lalle ne dai da ya sani.

Sai dai akwai tubalin da fitilun biki ba sa haskawa. A ƙasar Hausa ango ne ke biyan sadaki, kodayake kayan ɗaki da gara kan tanƙwara bayan iyayen amarya. A yawancin arewacin Indiya nauyin ya karkata kacokan kan gidan mace: kuɗi, zinariya, wani lokaci har mota, ana miƙa wa dangin ango. Sunan abin dahej. An haramta shi tun 1961, amma bai gushe ba. A 1983 aka shigar da sashe na 498A cikin kundin laifuffuka don hukunta cin zarafin mace daga miji ko danginsa, a 1986 kuma aka ƙara sashe na 304B kan matar da ta mutu cikin yanayi mai alamar tambaya kafin cikar shekara bakwai da aure, bayan an matsa mata kan dukiya. Duk da haka, alƙaluman hukumar ƙididdigar laifuffuka ta Indiya sun nuna mata fiye da 6,000 sun rasu ta wannan hanya a 2022 kaɗai.

Gwagwarmayar ta girmi waɗannan dokoki. A 1856 aka halatta wa matan Hindu da mazansu suka mutu su sake aure, bisa fafutukar Ishwar Chandra Vidyasagar. A 1929 Dokar Sarda ta sanya shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aurar da yarinya, a 1978 aka ɗaga zuwa 18.

Saboda haka baƙon da ya miƙa ambulan ɗinsa na gudummawa, da rupi 1,001 a ciki, domin al'ada ta fi son a ɗora ɗaya a kan cikakken adadi, ya kamata ya daure har asuba. A lokacin ne ake vidaai, sallamar amarya, inda take watsa shinkafa ta bayan kanta tana barin gidan mahaifinta. Kiɗa ya ɗauke, uwa na kuka. Abin da zai tarbi yarinyar a ɗaya gidan shi ne tambayar da Indiya ta shafe fiye da shekara 150 tana neman amsarta a majalisa da kotu.