Daga dandali zuwa dandamali: yadda aka riƙa shirya yara rawa a zamanin Samariya

A watan Afrilu na shekarar 1976 birnin Damagaram ya karɓi baƙuncin bikin matasa na ƙasa karo na farko, wanda jama'a suka fi sani da sunan festibal. Tawagogi sun zo daga jahohi bakwai da Nijar take da su a lokacin, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Yamai da ita kanta Damagaram, kowace da mawaƙanta da makaɗanta da masu rawarta. Cikin masu rawar nan akwai ƴan mata ƙanana da samarin da gemu bai tsiro musu ba, waɗanda da yawansu iyakar tafiyarsu a duniya kasuwar da ke kusa da garinsu. Kafin daren da suka tsaya gaban alƙalan gasa, an share watanni ana gyara musu taku, ana rarrashin iyayensu, ana ɗinka musu tufafi. Wannan shiri sabon abu ne a ƙasar Hausa, kuma tarihinsa yana nuna yadda hukuma ta shiga tsakanin yaro da rawar da ya gada.

Kafin zuwan makarantar boko ba a san wani abu wai shi shirya yaro rawa ba. Yarinya tana fara jin taku tun tana goye a bayan yayarta a dandali, lokacin farin wata, musamman da kaka bayan an kai hatsi rumbu. In ta fara tafiya sai ta tsaya bakin da'irar masu gaɗa tana tafi, har wata rana manya su jawo ta tsakiya su cafe ta. In mai kalangu ya zo ranar kasuwa ko ranar biki, ƴan mata su jeru, kowace ta shiga fage in an kaɗa mata takenta, ta fita in ta gaji. Babu mai ƙirga mata taku, kuskurenta kuwa dariyar tsararrakinta ce take gyara shi. Yara maza su ma haka suke ɗaukar tasu rawar, a wurin gayya inda makaɗa ke zuga manoma, ko a fagen kokowa. Mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima.

Al'ada ta kafa wa wannan abu iyakoki biyu. Na farko, rawar dandali ta ƙuruciya ce, ranar da aka sa yarinya lalle ranar ta yi ban kwana da ita. Na biyu, kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado, tana da gidajenta. Ɗiyar malami ko ta basarake tana iya gaɗa da ƙawayenta a unguwa, amma a ce ta fita wani gari ta yi rawa don a kalle ta, wannan aikin ƴaƴan maroƙa ne a idon mutanen da. Samartakar gari kuma tana da tsarinta, da sarkin samari da shugabar ƴan mata, su ne ke shirya wasanni da ayyukan gayya, su ne kuma ke amsa wa dattawa in wani abu ya ɓaci.

Tunanin a ɗauki rawar gargajiya a ɗora ta bisa dandamali daga makarantun Turawan mulkin mallaka ya fito. A shekarun 1930, a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Bubu Hama da Jori Hamani suka yi karatu, an riƙa umartar ɗalibai su tattaro al'adun garuruwansu lokacin hutu, su mayar da su wasanni masu waƙa da rawa. A 1937 har birnin Paris aka kai su suka nuna. Malaman da suka fito daga can suka dawo da wannan ɗabi'a makarantun ƙasashensu, bikin ƙarshen shekarar karatu ya zama wuri na farko da aka jera yara sahu-sahu aka ce su fuskanci masu kallo. Wani tsohon ɗalibin makarantar, Keita Fodeba na ƙasar Gine, ya kafa ƙungiyar rawa a Paris a farkon shekarun 1950, wadda bayan samun ƴancin Gine ta zama ƙungiyar ƙasa. Daga nan kowace sabuwar ƙasa ta so ta mallaki irinta, balle da aka yi manyan bukukuwan al'adu a Dakar a 1966 da Aljas a 1969. A Nijar, gwamnatin Jori Hamani ta riƙa shirya makon matasa a Yamai ƙarƙashin inuwar jam'iyya mai mulki.

Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori, a tsakiyar fari da yunwa. Laftanar Kanar Saini Kunce ya rushe jam'iyya, sai ya rasa hanyar da zai isa ga talakawa. Samariya ce ta ba shi wannan hanya. Aka farfaɗo da ita, aka shimfiɗa ta a kowane gari da kowace unguwa, har a yankunan da ba na Hausawa ba, aka ɗora mata ginin azuzuwa da dashen itatuwa da sharar gari. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, shekara guda bayan haka festibal ya biyo baya, ana yin sa a watan da aka yi juyin mulki, yana zagaya manyan biranen jahohi.

Gasar tana da matakai kamar tsani. Unguwanni da ƙauyuka su kara, waɗanda suka yi fice su wakilci gunduma, daga cikin gundumomi a tace tawagar jaha. Abin da aka fi zuba wa ido shi ne rawar da aka riƙa kira bale, wato labari ne da ake bayarwa da jiki da waƙa: shuka da girbi, ɗaurin aure, farauta, yaƙin wani jarumin da, ko halin ɗan ci-rani. Bale yana da farko da ƙarshe, yana da lokacin da aka ƙayyade masa, yana da ƙofar shiga da ta fita. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. A nan fagen ne ya sake, dole kiɗan da rawar duka suka bi shi.

Matakin farko na shirya yarinya a zauren mahaifinta ake yin sa. Sarkin samari ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya nemi rakiyar mai unguwa ko wani dattijo da ake jin nauyinsa. Abin da uba yake son ji shi ne wa zai raka ta, wa zai dawo da ita, ina za ta kwana in an yi tafiya. Saboda haka tawagogi suka riƙa tafiya da mata dattijai waɗanda amanar ƴan mata ke hannunsu. Uwa kuma tana da nata lissafi, domin yarinyar da ke wurin gwaji ba ta ɗaukar talla, ba ta daka, ba ta zuwa rijiya. Wasu iyaye sun ba da ƴaƴansu da murna, suna ganin sunan garinsu ne za a ɗaga. Wasu sun bayar ne don a zamanin soja, in magana ta fito daga hukuma ta biyo ta bakin sarki, ƙin amsawa yana da wuya.

Daga nan sai gwaji, galibi da dare bayan an gama aikin gida, a farfajiyar makaranta ko gidan samariya. Mai horarwa sau da yawa malamin lakwal ne ko ma'aikacin hukumar matasa, kuma aikinsa na farko shi ne ya warware da'ira ya mayar da ita sahu. Yarinyar da ta saba kallon ƙawayenta sai ta koyi kallon duhun da masu kallo suke ciki. Wadda ta saba shiga fage lokacin da jikinta ya ba ta sai ta koyi jiran ƙirga, ta ɗaga ƙafa tare da sauran ƴan sahu, ta sauke tare da su. Gwanar dandali, mai ƙara wa taku gishiri, ita ce ta fi shan faɗa, domin alƙalai daidaito suke dubawa. Akwai kuma kunya, wadda aka raini yarinya a kanta tun tana ƙarama: a gida an hore ta da sunkuyar da kai gaban manya, a nan ana ce mata ta ɗaga kai ta yi murmushi gaban shugabanni. Makaɗa su ma sai da aka horar da su. Mai kalangun da ya saba tsawaita kiɗa muddin ana yi masa kari, yana sako kirarin duk wanda ya hango, dole ya koyi tsayawa daidai inda aka yanke.

Tufafi da ado sun buɗe wata ƙofa ta bincike. Da yake ana ba da maki a kan asali, masu shiri sun riƙa komawa wurin tsofaffi suna tambayar yadda ake kitson da, da irin zanen saƙi da ake ɗaurawa, da warwaro da murjani da aka daina sawa. Kayan da suka daɗe a ƙasan adaka suka fito, wasu taku da waƙoƙin da suka kusa ɓacewa suka sami masu ɗauka. Amma abin da ya hau dandamali an rage masa tsawo, an kuma raba shi da dalilinsa. Rawar da ake yi sau ɗaya a shekara don wata hidima ta zama ta ƴan mintoci, an kuma cusa mata saƙon hukuma a kan haɗin kan ƙasa, yaƙi da jahilci ko hana gudun ƙauye. Janet Beik, a littafin da ta wallafa a 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna yadda ƙungiyoyin samariya suka riƙa haɗa nishaɗi da irin wannan faɗakarwa.

Babbar barazana ga mai horarwa ita ce aure. Tsakanin gasar gunduma da ta ƙasa akwai watanni, kuma lokacin ya faɗo cikin rani, sa'ad da ake yawan ɗaurin aure a karkara. Yarinyar da aka gina rawa a kanta tana iya shiga lalle kafin ranar tafiya, sai a koma neman wata daga farko. Ƴan makaranta kuwa darussa suke rasawa. Waɗanda suka je suka dawo, wasu an tarbe su da guɗa, wasu da tsegumi. Duk da haka, yaron da ya fito daga wani ƙauyen Gobir ko Adar ya ga rawar Barebari da ta Tubawa da ta Abzinawa da ta Zabarmawa da ta Fulani da idonsa, ya ci abinci tare da su. Gidan rediyon Muryar Sahel ya yi shekaru yana sa waƙoƙin festibal, daga ƙarshen shekarun 1970 kuma talabijin ta shiga nuna raye-rayen. Biranen da suka karɓi bikin sun sami filayen wasa da gidajen matasa.

Kuɗin yuraniyom ne ya ɗauki nauyin wannan hidima, da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai ta fara tangal-tangal. Farin 1984 ya zo, wanda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya, bikin ya koma tsallake shekaru. Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987. A shekarar ne aka fara gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, hankali ya karkata ga jita da makaɗan birni. Da Ali Saibu ya kafa jam'iyyar MNSD a 1989, Samariya ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙanta, shi ya sa bayan babban taron ƙasa na 1991 aka dube ta a matsayin kayan aikin mulkin jam'iyya ɗaya, aka bar ta ta bushe. Wa'azin da ya ƙarfafa a birane ya ƙara sa iyaye ɗari-ɗari da rawar ƴan mata a bainar jama'a, finafinan Indiya da na Kano kuma suka kawo wa yara wani taku dabam.

Daga 2006 aka shiga zagayawa da bikin 18 ga Disamba daga jaha zuwa jaha, aka fara da Damagaram, gasannin al'adu suka sake samun fage. Sai dai tsanin da ke tasowa daga unguwa ya karye. Yaron da ake shiryawa rawa a yau galibi don bikin ƙarshen shekara na makarantarsa ne, iyayensa ke biyan kuɗin ɗinki, takunsa kuwa sau da yawa daga wayar salula aka kwafo shi. Yarinyar da ta hau dandamalin Damagaram tana da shekara 12 a 1976 yanzu ta haura 60, tana da jikoki. Ita da tsararrakinta ne suka rage waɗanda suka koyi rawa a dandali kafin a gyara musu ita a sahu, saboda haka sun san abin da aka yanke da abin da aka ƙara. Faifan da ke ajiye a gidan rediyo da talabijin na ƙasa rawar dandamali kawai suka riƙe. Ta dandali tana ƙafafun waɗannan mata, a gidajensu na Maraɗi da Tawa da Damagaram, kuma har yanzu ana iya zuwa a gaishe su a tambaya.