Tebur, Taga da Guzuri: Yadda Mutanen Ƙasar Maraɗi Suka Ci Abinci a Jirgin Ikko

Har yau ba a taɓa jin kukan jirgin ƙasa a Sae Sabuwa ba, haka nan a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji. Amma jirgin ya daɗe da shiga rayuwar mutanen wannan yanki. Gyaɗarsu ce ta fara hawansa, su kuma suka bi sawunta daga baya. Dogon da Turawan Ingila suka ja daga Baro ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma hanya ta buɗe tun daga Ikko, tafiyar kilomita 1,100 da ɗoriya. Kwaɗayin auduga ne ya sa suka yi aikin, sai manoman Kano suka ba su gyaɗa. Ba a jima ba noman ya haura iyaka, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna a Maraɗi, buhunan da aka auna a kasuwannin ƙauye suka riƙa gangarawa kudu, da farko a bisa raƙuma da jakai, daga baya a manyan motoci. A 1929 reshen Zariya ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 na Kano ya kai Nguru. Ƙasar Maraɗi ta tsinci kanta kusa da bakunan dogo uku, babu ko ɗaya a cikinta.

Waɗanda suka bi gyaɗar sanannu ne: ƴan cin rani da ke sauka bayan an ɗaure damma, fataken goro, masu rakiyar shanu, almajirai da gardawa. Mutum ya bi ta Jibiya ko ta Ɗankama ya faɗa Katsina, ya yi sama da kilomita 250 kafin ya ga tashar Kano, ya canza tammarsa ta koma sulalla, sannan ya shiga tarago zuwa Badun ko Agege ko Ikko. Tafiyar kusan kwana biyu ce idan ba a sami tangarɗa ba. Littattafan tarihin reluwe sun ƙidaya tan-tan na gyaɗa da kuza da fata, amma da wuya su tsaya a kan tambayar da kowane matafiyi ya fara yi wa kansa tun yana gida, wato me za a ci a hanya.

Amsar da hukumar jirgi ta tanada ita ce taragon cin abinci, kuma shi ma baƙo ne a tarihin jirgin. A farkon al'amari ko a Turai sauka ake yi a ci a tasha. A Swindon ta Ingila, yarjejeniyar da aka ƙulla da mai ɗakin abinci ta tilasta wa jiragen fasinja tsayawa minti goma, kuma sai a 1895 kamfanin ya biya kuɗi ya fanshi kansa. Pullman ne ya fito da tarago na musamman don cin abinci a Amurka a 1868, Ingila ta bi a 1879, kamfanin Wagons-Lits na Georges Nagelmackers kuma ya mai da abin ado a nahiyar Turai. Ɗaliban da suka karanta tarihin Faransa sun san cewa a cikin tarago aka sa hannu kan tsagaita wutar 1918 a dajin Compiègne. Kaɗan ne aka gaya wa cewa taragon na cin abinci ne.

Wannan al'ada ce Turawa suka kawo Nijeriya. Jirgin da ke tarbar jiragen ruwan Elder Dempster a Ikko ya kwashi ma'aikatan mulki zuwa Arewa yana da ɗakunan kwana da tebura masu farin ƙyalle, da kuku da boyi-boyi cikin fararen tufafi. Ana kawo romo, a biyo da nama ko kifi, a rufe da abin zaƙi da shayi, da yawan kayan daga gwangwani. Bafataken Gazawa da ke gama-gari, a kan bencin katako, ƙamshin kawai yake samu idan iska ta juyo. Farashi da launin fata sun isa su tsare shi. Sai dai ko bayan da attajirai suka sami halin sayen tikitin faskila, teburin bai ja su sosai ba, kuma dalilin ya wuce kuɗi. Wa ya yanka naman? A wace tukunya aka soya shi, bayan me? Ga kwalaben giya a teburin da ke kusa. Ga kuma kunya: dattijo mai mutunci ba ya tauna a gaban baƙin ido, da wuƙa da cokali mai yatsu, wani ƙato na tsaye a kansa yana jiran ya ɗauke faranti. Alhajin da zai iya sayen abincin taragon gaba ɗaya sai ya fi son yaronsa ya kwance masa ƙunshi a ɗakinsa.

A cikin ƙunshin nan ne ilimi yake, kuma ya girmi jirgi da ƙarnuka. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro da masu tafiya Makka a ƙasa sun riga sun gwada kowane abinci da rana da ƙura, sun san mai jurewa da mai cin amana. Matan da suka haɗa wa mazajensu guzurin jirgi gādon wannan sani suka ci. Fura ta ranar farko ce; a yini na biyu ta yi tsami, a cikin zafin tarago kuwa tana iya riga haka. Gumba ta fi ta haƙuri. Dafaffen ƙwan zabi yana kai kwana ɗaya ko biyu. Ƙuli-ƙuli ba ya tsoron komi. Kilishi, wanda aka shanya aka shafa wa tunkuza da yaji aka gasa, nama ne da aka cire wa ruwa don kada ya sami abin ruɓewa da shi, ga shi ba nauyi. Ga cuku, ga dabino, ga soyayyar fara ga mai sha'awa. Mutanen Agye da Gazawa kuwa, da yake ƙasarsu ta aya ce, dakuwa ce dukiyarsu: curi biyu da kurɓin ruwa sun riƙe cikin namiji daga hantsi zuwa la'asar. Ana shirya kayan ne bisa tsarin lalacewarsu, mai saurin juyawa a sama, mai daɗewa a ƙasa, ta yadda matafiyi zai ci ƙunshinsa daga baki zuwa gindi kamar mai bin jadawali. Babu kukun taragon Turawa da ya fi wannan lissafi, illa dai shi an rubuta nasa a takarda.

Abin da guzuri bai iya bayarwa ba shi ne ɗumi. Wannan sai taga.

Yanayin jirgin kansa ne ya haifi kasuwar taga. Kan jirgi na wancan zamani da kwal ɗin Inugu da ruwa yake tafiya, dole ya tsaya a shayar da shi. Dogon kuma ƙwaya ɗaya ne, saboda haka idan jirage biyu za su gitta, sai ɗaya ya raɓe a tasha ya jira ɗan'uwansa, wani lokaci minti ashirin, wani lokaci rabin yini. A Jebba, kafin a gama gada a 1916, har a kan jirgin ruwa ake ɗora taragai a ƙetare da su kogin Kwara. Kowace tsayawa ta zama cin kasuwa. Kafin ƙafafun jirgi su daina juyawa mata da yara sun jeru ƙarƙashin tagogi da faranti a ka, hannu na miƙa kwano sama, hannu na miƙo kwabo ƙasa. Mai tafiya kudu yana iya sanin inda ya kai da idonsa a rufe, ta abin da ake kira. A Zariya rake ne da mazarƙwaila. Daga Minna doya ta fara yawa. A Jebba kifi ne, soyayye da banda. A Offa dankali. Daga Ilori zuwa gaba tuwo ya canza launi, miya ta yi ja da manja, barkono ya ƙaru, ana naɗo abinci a ganye, ciniki kuma ya koma na yatsu ga wanda bai ji Yarabanci ba. Ɗan Sae Sabuwa da ya tashi da tuwon hatsi da miyar kuka, a tagar nan ya fara sanin cewa duniya ba ta yi ittifaƙi a kan abin da ake kira abinci ba.

Kada a ƙawata abin fiye da kima. Cinikin da mai saye ba zai sake ganin mai sayarwa ba yana da nasa halin. Akwai kifin da aka ɗumama sau uku, akwai ƙosan jiya da aka sake jefawa a mai, akwai yarinyar da ke laluben canji a hankali har a busa usur. A ɗaya gefen kuma akwai fasinjan da ke jan ciniki da gangan, jirgi ya motsa da kwanon mutane a hannunsa, yarinya na gudu a kan tsakuwa tana kuka, ta san abin da ke jiranta a gida. Ruwa ya fi komi haɗari, don ba kowa ya san inda aka ɗebo wanda ake sayarwa ba, ciwon ciki kuma a taragon da ya cika maƙil azaba ce da ba a fatan maƙiyi ya gani. Abin da ya rage ɓarnar shi ne masu bin hanyar kullum, dillalan goro da ma'aikatan jirgi, waɗanda suka san mai abincin kirki a kowace tasha, suna kiranta da suna, sabon shiga kuma ya sayi inda suka saya.

Cikin taragon gama-gari babu mai ci shi kaɗai. Wanda ya kwance ƙunshi sai ya ce bismilla ga na kusa da shi, ko da bai san daga inda ya fito ba, kuma kafin a wuce Kaduna an san mai kilishi da mai dakuwa da wanda bai taho da komi ba yana kallon taga don kada a gane. Shi ma ana miƙa masa, ta hanyar da ba za ta kunyata shi ba. A ƙarshen tafiya kuma akwai wani tebur da hukuma ba ta san da shi ba: gidan maigida a zango. A Sabon Badun, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda masu masauki ke saukar da fataken shanu da na goro suna ciyar da su, da yadda matan kulle suka mai da dafa abinci sana'a mai kawo kuɗi. Bafatake ya jure wa ƙuli-ƙuli kwana biyu ne saboda ya san tuwo mai zafi na jiransa.

Hanyar da ta kai mutane ita ta dawo da ɗanɗanonsu a canje. Burodi da shayi mai madara, manja, doya, da uwa uba garin rogo, sun hauro arewa tare da masu komowa gida kafin shuka. Gari kamar don matafiyi aka yi shi: ba ya son wuta, ruwa da sukari da ɗan ƙuli sun wadatar. Ya shigo a matsayin abincin hanya, yunwa ta mai da shi abincin gida, har a yammacin Nijar ana kiran yunwar farkon shekarun 1950 da shekarar gari.

Faransawa ba su ji daɗin ganin gyaɗar mulkinsu tana ciyar da dogon Ingilishi ba. Daga 1953 suka ƙaddamar da shirin da suka kira Hirondelle, ana kwasar kaya a mota zuwa Paraku ta Dahome, inda dogon Kwatano mai kilomita 438 ya tsaya tun shekarun 1930, a 1959 kuma aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN, wadda ta koma OCBN. Nijar ta zama mai rabo a jirgin da bai taɓa taka ƙasarta ba. Ɗalibai da ma'aikata da ƴan kasuwa sun bi shi, sun sayi wagashi a Paraku da abarba a wajen Alada, ta taga kamar dai a wancan gefen. Jigilar fasinja a wannan layi ta tsaya a shekarun 2000.

Na Nijeriya ma ya sha ƙasa. Fasinjojin da suka haura miliyan 11 a 1964 ba su kai miliyan 5 ba a 1974. Kwalta da manyan motoci sun kwashe su. Jirage suka ragu, jinkiri ya ƙaru, guzurin kwana biyu ya daina isa. Garuruwan da tasha ta raya suka yi sanyi, masu tallar da suka iya suka ɗauki farantansu suka koma bakin titi. Da aka maido da jirgin Ikko zuwa Kano a watan Disamba na 2012, taragon abinci ya dawo da dafa-duka da miyar kudu, babu farin ƙyalle, tafiyar kuma sama da sa'a talatin.

Sababbin layukan wani abu ne daban. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Ikko zuwa Badun na 2021 tafiyar sa'o'i kaɗan ce, tagogi a rufe saboda na'urar sanyi, tashoshi a killace, ba mai kai wa ga jirgi sai mai tikiti. Abin da ake ci a ciki ɗan abin taɓawa ne a leda da lemon kwalba, daga hannun wanda aka ba izinin sayarwa. An sami tsabta da kiyaye lokaci, an rufe kasuwar da ta ciyar da gidaje masu yawa a gefen dogo shekara da shekaru. Dogon Yamai zuwa Doso da aka kammala a 2016 bai kai ga jigilar yau da kullum ba, balle a san abin da za a ci a cikinsa.

Irin wancan sabon dogo ne aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Idan ya kammala, tafiyar da ta ci wa kakanni kwanaki ba za ta kai yini ba, kuma ba mai bukatar a daka masa gumba kafin ya fita. Tashar ƙarshe za ta kasance a tsakiyar ƙasar da ke noma aya, take dakan dakuwa, take shanya kilishi. Matan Agye da Cadawa da ke tare motoci a bakin babbar hanya da farantansu ba su da nisa da ita. Abin da zai raba su da fasinja shinge ne da mai gadin ƙofa, sai fa idan masu zana tashar sun bar musu rumfa daga ciki.