Tarihi: magudin Sydney da ya hana masu raunin ƙwaƙwalwa wasa shekara 12

Yau tarihinmu zai kai mu Sydney, a ƙasar Ostireliya, inda aka yi gasar Paralympic, wato wasannin naƙasassu na duniya, a watan Oktoban 2000.

A gasar an ware rukuni na masu raunin ƙwaƙwalwa. Ba mahaukata ba ne fa, kar a haɗa. Mutane ne da tun suna yara fahimta da koyo ke yi musu nauyi, irin waɗanda a unguwanninmu ake kira dolo ko gaɓo, a bar su ƙofar gida sa'anninsu na buga ƙwallo. To a Sydney an ba su fili, har da ƙwallon kwando.

Espanya ce ta ci kofin, ta doke Rasha 87 da 63 a wasan ƙarshe. Aka rataya musu lambar zinare, aka koma gida da murna. Ba a yi nisa ba asiri ya tonu. Ɗaya daga cikin ƴan wasan, Carlos Ribagorda, ashe ɗan jarida ne, lafiyarsa ƙalau. Ya rubuta a mujallar Capital cewa kimanin shekara biyu yana cikin ƙungiyar, ba wanda ya taɓa gwada ƙwaƙwalwarsa. Awon da aka yi masa, in ji shi, ƴar motsa jiki ce da awon hawan jini. Da aka bincika, cikin ƴan wasa 12, guda 10 ba su da wata naƙasa.

Ribagorda ya ce a wasansu na farko, da suka yi wa abokan karawa rata mai yawa, mai horas da su ya ce su sassauta kar a gane su. Da hotonsu ya fito a jarida kuma mutane suka fara shaida fuskoki, sai aka ce su sa hula da baƙin tabarau wajen komawa gida. Kun ji fa. Dalili kuwa kuɗi ne: yawan lambobi, yawan tallafin da ke shigowa hukumar wasannin.

Aka karɓe zinaren, har na kyaftin ɗinsu Ramón Torres, wanda shi da gaske yana da raunin, bai ci nanin ba nanin ta ci shi. Amma babban hukuncin na gaba. A 2001 kwamitin Paralympic na duniya ya dakatar da rukunin baki ɗaya, ya ce ba shi da tabbatacciyar hanyar tantance wa ya cancanta. Masu lafiya suka yi ha'inci, marasa ƙarfi na duk duniya suka biya. Babu su a neman lamba a Athens 2004, babu su a Beijing 2008. Ɗan wasan da yake da shekara 20 a Sydney, kafin a sake buɗe ƙofa ya kai 32, ƙuruciyar gudu ta wuce. Ni a ganina kwamitin na da hujja wajen gyara awo, amma shekarun sun yi yawa.

A ƙarshen 2009 aka ɗage takunkumin, da sababbin sharuɗɗa: gwajin ƙwaƙwalwa, shaidar cewa raunin tun yarinta ne, da wani gwajin da zai nuna yana shafar wasan da mutum ke yi. Suka dawo a Landan 2012, a wasa uku kacal: guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya, da ƙwallon tebur. Har a Paris 2024 ukun nan ne, ƙwallon kwandonsu bai dawo ba.

Shugaban hukumar ta Espanya, Fernando Martín Vicente, sai a 2013 kotu ta yanke masa hukunci, bayan ya amsa laifi. Aka ce ya maido tallafi sama da Yuro dubu 140, aka ci shi tarar Yuro 5,400, kimanin sefa miliyan 3 da rabi ke nan. Sauran waɗanda aka gurfanar tare da shi, aka sallame su.