Daga Gonar Golmo Zuwa Tashar Mota: Tuwo da Kiɗa a Tarihin Zuru

Duk wanda ya sauka a tashar motar Zuru bayan la'asar zai tarar da abin da ya saba gani a kowane gari na Arewa. Ga mai shayi yana fifita wuta, ga mai tsire yana barbaɗa ƙuli, ga mace da manyan kuloli na shinkafa da wake, can gefe kuma lasifika tana ta amon waƙar da ake yayi. Baƙo zai iya ɗauka cewa cin abinci a wajen gida da sauraron kiɗa a bainar jama'a abubuwa ne da mota ta kawo mana. Mu da muka tashi a ƙasar nan mun san ba haka ba ne. Kakanninmu sun daɗe suna ci a waje, makaɗi na tsaye a kansu. Abin da ya zo daga baya shi ne sa hannu a aljihu kafin a ci, ko kafin a ji.

Sai mun koma kan duwatsu kafin maganar ta fito sosai. A ƙarni na 19, mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari, waɗanda su kuma ke kiran kansu Lelna, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa, sun rayu ne cikin shirin ko-ta-kwana. Daga kudu akwai Kontagora, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa, ɗansa Ibrahim kuma ya yi suna wajen kai hare-haren kamun bayi har zuwa 1901 da Turawa suka ci garin. Saboda haka aka gina gidaje da rumbuna a kan tudu, gona kuwa tana ƙasa. Mutumin da gonarsa ke nesa da murhun gidansa ba ya komawa gida cin abincin rana. Abincin ne ke biyo shi, a cikin ƙwarya, a kan mace ko yarinya.

Abincin kuwa dawa ce. Akwai gero, akwai wake da gujiya, amma dawa ce uwar rumbu. Ita ake surfawa a niƙa a dutse a tuƙa tuwo, ita ake dama kunu da ita, ita kuma ake tsimawa a dafa burkutu, wanda ba a raba shi da biki ko aikin gayya a gidajen masu bin addinin gargajiya. Miya daga jikin daji take fitowa: kuka, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, yakuwa, daddawar ɗorawa, da man kaɗe. Babu abin da ake sayowa daga nesa in ban da gishiri da kanwa. Matar da ta iya girki a wancan zamani ita ce wadda ta san lokacin da ɗorawa ke nuna, ta san kwana nawa kalwa za ta yi a rufe kafin ta zama daddawa.

A nan ne golmo ya shigo, kuma a ganinmu ba za a fahimci tarihin ci da kiɗa a Zuru ba sai an tsaya a kansa. Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura, shekara bakwai a bisa al'ada. Ba shi kaɗai yake zuwa ba. Sa'o'insa ne ke rufa masa baya, yau a gonar surukan wannan, gobe a ta surukan wancan, su jera da garma tun da sassafe, makaɗi na binsu yana zuga su. Kiɗan ba ado ba ne. Shi ke daidaita saran garma, shi ke ɗaga sunan wanda ya wuce sa'a, shi ke kunyata wanda ya tsaya yana dafe ƙugu. In rana ta take a zauna ƙarƙashin itace a ci abin da aka kawo. To ga taro, ga abinci a wajen gida, ga mawaƙi yana yi a gabanka, amma ba wanda ya biya ko anini. Da ƙarfinsa kowa ya biya, abin da ake nema kuwa mata ce da mutunci a idon gari.

Idan aka kai amfani gida sai Uhola, bikin godiya na bayan girbi. Nan ma haka abin yake: tuwo da nama a wadace, kokawa a fili, ganga da ƙaho, samarin da suka kammala golmo suna fitowa a gan su. Wanda ya zo daga wani ƙauye ba ya tambayar inda ake sayar da abinci, gidan da ya shiga nan zai ci.

Soja ne ya fara ɓalle wannan ƙulli. Turawa sun lura cewa saurayin da ya jure shekara bakwai yana noman gonar wani zai jure fareti da horo, sai suka mai da ƙasar Zuru ɗaya daga cikin wuraren da suke ɗibar sojoji. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Zuru ba. Layin da ya isa Kano a 1911 ta Minna ya bi, wanda ya kai Ƙaurar Namoda a 1929 kuma ta Gusau ya wuce. Duk da haka 'ya'yan wannan ƙasa sun riga mutanen garuruwa da yawa masu tashar jirgi ganin duniya. A Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, an bi da su ta teku da Indiya. Daga 1967 zuwa 1970 yaƙin basasa ya sake kwasar wasu samarin zuwa Inugu da Onica da Fatakwal. Daga wannan zuriya ce aka sami janar-janar irin su Tanko Ayuba, da Musa Bamaiyi, da Ishaya Bamaiyi wanda ya riƙe shugabancin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999.

Ana yawan ba da labarin waɗannan manya, amma mu ƙaramin soja da matarsa sun fi jan hankalinmu, don su ne suka canza tukunya. Matar da ta zauna a bariki a Kaduna ko Legas ko Jos ta yi maƙwabtaka da Bayarabiya da 'yar Tibi da 'yar Ibo, ɗaki na jikin ɗaki, murhu na kallon murhu. A nan ta koyi miyar agushi da sakwara da teba da farfesu, su ma suka koyi tuwon dawa da miyar kuka a wurinta. A barikin ne kuma ta ga kasuwar mami, wadda ake danganta asalinta da Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959. Darasin kasuwar mami ɗaya ne: girkin da kike yi wa mijinki kyauta, akwai gwauron da zai biya ki a kansa. Da aka yi ritaya aka dawo gida da fansho da rediyo da akwatin ƙarfe, wannan darasi ma ya biyo kaya. Rumfar abinci a bakin kasuwa da tasha ta samu masu ita, ta kuma samu masu saye: malaman makaranta, ma'aikatan En'e, ɗaliban Kwalejin Aikin Gona, wadda a 2020 ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, da direbobi masu kwana a hanya.

Hanyar ma ta yi ta sauya alƙibla. A zamanin Turawa Zuru tana lardin Neja, idonta na kallon Kontagora da Minna da Kaduna. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, da aka yanke Jihar Neja a 1976 sai aka bar ta a Jihar Sakkwato, a 1991 kuma ta koma sabuwar Jihar Kebbi. Kowane sauyi sabuwar tafiya ce ga mai neman takarda ko albashi: ta Rijau zuwa Kontagora, ta Daki Takwas zuwa Sakkwato, ta Mahuta da Koko zuwa Birnin Kebbi. Duk inda mota ke tsayawa a sha ruwa, can za ka ga an kafa murhu.

Kiɗa ya bi sawun tuwo. Mishan sun iso ƙasar Zuru a shekarun 1920, daga bisani coci ta zama wurin da ake jin waƙa kowace Lahadi, da Hausa da C'lela, ƙungiyoyin zumuntar mata na kaɗa tulu da caki. Tsohon soja ya dawo da kunnen da ya saba da badujala da kiɗan hailaif, wasu sun ga Bala Miller da 'yan kiɗansa a Kaduna da idonsu. Rediyon Kaduna ya shigo da Shata da Ɗanmaraya Jos cikin kowane zaure, ga kuma Sani Aliyu Ɗandawo a Yawuri, nan kusa da mu. Makaɗin da a da ke bin garma ya ga ana liƙa wa wani kuɗi a goshi a gidan biki. Wa zai ga laifinsa in ya bar gona? A yau kuwa shi ma ɗin lasifika da janareto sun ture shi gefe, don hayarsu ta fi ciyar da tawagar makaɗa sauƙi.

Ba kuka muke yi da duk wannan ba. Shekara bakwai a gonar suruki ba wasa ba ce, yarinyar da ake yi wa noman kuma ba kullum ake jin ta bakinta ba. Matar da ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta da cinikin shinkafa da miya ba ta yi asarar komai ba. Abin da dai muke lura da shi shi ne yadda dawa ta ja baya. Tun daga kuɗin man fetur na shekarun 1970 shinkafa da dunƙulen Maggi suka shiga kicin, da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015 kuwa sai sunan jihar baki ɗaya ya koma na shinkafa. Yaro a yau yana iya ganin tuwon dawa a matsayin abincin ranar da babu.

Uhola ma ta sauko gari. A zamanin Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo II, wanda shi ma tsohon janar ne kuma tsohon gwamnan soja na Jihar Bauchi, an mai da ita babban taron masarauta, da rumfunan manyan baƙi da baje kolin amfanin gona, tawagogin Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya tsare kiɗan daga ɓacewa, ya kuma sa 'yan Zuru na Abuja da Legas suna da ranar dawowa gida. Sai dai mai rawa yanzu yana fuskantar 'yan kallo ne, abincin taron kuma a roba ake raba shi.

Babbar barazanar ba daga lasifika ta zo ba. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, a watan Maris na 2022 kaɗai sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna. Ƙauyen da aka tasa ba ya noma, wanda bai yi noma ba kuwa ba shi da abin da zai yi godiya a kai bayan girbi. Mutanen da kakanninsu suka sauko daga dutse da aka sami zaman lafiya, yau suna kwararowa Ribah da Zuru da ƙullin kaya a ka. A cikinsu akwai matan da suka san sirrin daddawa, akwai tsofaffin da suka yi golmo, akwai makaɗan da suka bi su da ganga. Wasu daga cikin matan sun kafa murhu a bakin titi, suna sayar da tuwon dawar da suka auno a kasuwa da mudu.