Yadda Ƙarancin Kuɗi Ya Sauya wa Sherlock Holmes Zamani

Karo na farko da Sherlock Holmes ya bayyana a fim, bai kama kowa ba. A shekarar 1900 kamfanin American Mutoscope and Biograph ya ɗauki wani guntun hoto mai motsi na kimanin daƙiƙa 30, mai suna Sherlock Holmes Baffled. Ɓarawo ya shiga ɗaki, Holmes ya ritsa shi, sai ɓarawon ya ɓace ɓat da buhun kayan sata, ya bar gwanin bincike baki buɗe. Ba a majigi ake nuna shi ba. Akwati ne mutum ke jefa kwabo ya leƙa shi kaɗai. Daga littattafan Arthur Conan Doyle, suna kawai aka ara.

Wannan aron suna ya daɗe yana yi wa masu ƙaramin jari amfani. Sunan Holmes ya riga ya shiga gidaje ta mujallar Strand tun 1891, don haka mai shirya fim ba ya buƙatar kashe kuɗin talla, kuma ba ya buƙatar fitaccen ɗan wasa. A 1914, da G. B. Samuelson ya tashi mayar da A Study in Scarlet fim a Ingila, sai ya ɗauko James Bragington, wani akanta da bai taɓa wasa ba, don kawai ƙirarsa ta yi kama da Holmes ɗin da ake zanawa. Kuɗin zuwa Amurka kuwa babu su, sai duwatsun Cheddar Gorge da rairayin gaɓar Southport suka tsaya a madadin yammacin Amurka.

Sai dai akwai matsalar da ta fi kuɗi wuyar sha'ani. Daɗin labarin bincike yana cikin magana ne: Holmes ya dubi takalmin baƙo ko tokar taba, ya warware wa Dakta Watson yadda ya gano abin da ya gano. Fim ɗin wancan zamani kuwa bebe ne, bayani sai a rubuce a allo tsakanin fitowa da fitowa, kuma ba mai biyan kuɗin silima don ya zauna yana karatu. Shi ya sa yawancin fina-finan farko suka rage tunani suka ƙara guje-guje da kokawa da ɓad-da-kama.

Waɗanda suka fi kowa shawo kan wannan su ne kamfanin Stoll na Landan. Daga 1921 zuwa 1923 sun fitar da gajerun fina-finai 45 da dogaye 2, Eille Norwood yana fitowa a Holmes alhali ya kai shekara 60. Maurice Elvey ne ya ba da umarni a kashin farko, George Ridgwell ya karɓa daga baya. Norwood ya gane cewa natsuwa ita ce maganar bebe: ya zauna shiru, ido na aiki, mai kallo ya ga mutum yana tunani. Conan Doyle kansa ya yaba masa. Abin da marubucin ya yi ƙorafi a kai shi ne motoci da wayar tarho, domin Stoll ba su wahalar da kansu wajen farfaɗo da Landan ta zamanin Sarauniya Victoria ba. Sun fita titi sun ɗauki birnin yadda suka same shi. A ganina wannan ba ta'adi ba ne kamar yadda masu tsananin kishin littafin ke ɗauka, tun da a lokacin Conan Doyle bai ma daina rubuta labaran Holmes ba; na ƙarshe ya fito a 1927. Amma gaskiya ne cewa keken doki da tufafin dā kuɗi ne, titi kuwa kyauta.

A shekarar 1927 ɗin dai majalisar Birtaniya ta kafa dokar da ta wajabta wa masu rarraba fim da gidajen silima wani kaso na fina-finan gida, don rage mamayar Hollywood. Kamfanonin Amurka suka bi ta hanya mafi araha: su ba ƙananan kamfanonin Ingila kwangilar fim na gaggawa, a kan kimanin fam ɗaya kowace ƙafa ta zaren fim. Labarin bincike ya dace da wannan kasuwa ƙwarai bayan zuwan sauti, domin ɗaki ɗaya da gawa ɗaya da mutum shida da ake tuhuma sun isa. A Twickenham, inda Julius Hagen ke ɗaukar fim dare da rana, aka yi yawancin fina-finai 5 da Arthur Wontner ya fito a Holmes tsakanin 1931 da 1937, su ma a cikin tufafin zamaninsu. A can ne kuma Hercule Poirot na Agatha Christie ya fara fitowa a fim, a Alibi na 1931, Austin Trevor ya taka shi ba tare da gashin bakin nan da aka san shi da shi ba.

Abin da aka yi da araha, da araha aka ajiye shi. Zaren fim na lokacin na sinadarin naitiret ne, mai saurin kama wuta, mai ruɓewa in ya daɗe, kuma akan narkar da tsoho don a ciro azurfar da ke jikinsa. Fim ɗin Bragington ya ɓata, har Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa shi cikin jerin 75 da take nema ruwa a jallo. Alibi ya ɓata, haka The Missing Rembrandt na Wontner. Wasu kuma sa'a ta cece su. Guntun nan na 1900 an gano shi a 1968 a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda aka ajiye hotunansa a takarda don rajistar haƙƙin mallaka. Fim ɗin 1916 na William Gillette, mutumin da ya shafe shekaru yana taka Holmes a dandamali, an ɗauka ya tafi ke nan, sai a 2014 aka tsince shi a ma'ajiyar Cinémathèque Française da ke Faris, bayanansa na allo duk da Faransanci.